Ludayin da Ya Ƙetare Katanga

Sakataren matasan ikilisiyarmu ya same ni a bakin tashar jirgi a Kafanchan, inda nake sayar da shinkafa da wake yanzu, ya ce tun da Sarki ya cika shekara guda da rasuwa, suna haɗa ɗan littafin tunawa, in rubuta abin da na sani. Na ce masa ni aji huɗu na tsaya, ku da kuka gama kwaleji me ya hana ku? Ya ce ai sun rubuta, amma duk abu ɗaya suke maimaitawa, wai mutumin kirki ne, mai tsoron Allah, mai karɓar baƙi. Yana wannan magana yana cin abincina, abokinsa kuma na gefe yana dariya, wai aikin kuku ai ba aiki ba ne, wuta ce ke yi, kai dai ka zauna kana ɗanɗanawa. To, ga shi na rubuta. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara, amma kada a taɓa mini maganar. Baƙin nan da kuke cewa ya karɓa, ni na ciyar da su, shekara goma sha shida.

Aikin farko da aka ba ni a kicin shi ne wanke tukunya. A gidan baƙi na reluwe ne, a hannun Baba Ayuba, mutumin Madakiya, wanda ya yi wa Turawa girki tun ban san hannun damana ba. Wata shida ban taɓa wuƙa ba. Toka, yashi, ruwa, shi ke nan kayan aikina. In na gama sai ya zo ya shafa farin ƙyalle a cikin tukunyar, ya duba, ya sansana. In ya ga ko alamar maiƙo, ba ya zagi, sai dai ya tura mini ita da ƙafa in sake. Wata rana ya ɗauko wani ludayin duma da aka kwashe miyar kifi da shi kwana uku baya, ni da kaina na wanke shi fes. Ya tsoma shi a ruwan zafi, ya ɗebo, ya ce in sha. Na sha. Kifi ne sak. Ya ce, "Ƙarfe yana mantuwa. Itace da duma ba sa mantuwa." Abin da ya koya mini ke nan a rana ɗaya, sauran duk ƙari ne.

Rege acca kuwa ya ci mini shekara guda kafin Baba Ayuba ya daina bin bayana. Ku da kuke cin faten acca kuna lashe cokali, kun san ƙwayar acca da ƙwayar yashi girmansu ɗaya? Da ƙwarya biyu ake yi, kana karkatawa a hankali, ruwa yana tafiya da acca yana barin yashi a gindi, ka zubar, ka sake, har sau takwas, sau goma. Yashi ɗaya ya shiga haƙorin baƙo, ba zai tuna daɗin miyar ba har ya mutu. Sai sanin itace. Kirya don naman da zai daɗe a wuta, marke don tuwo, ɗanyen mangwaro kuwa in kana so baƙi su yi kuka ba mutuwa aka yi ba. Sai gishiri. Gishirin mutum hamsin ba gishirin mutum ɗaya sau hamsin ba ne, wanda ya yi wannan lissafin makaranta zai zubar da tukunya. Wuta ce ke yi, ko? To, ku bar mata tukunyar ku tafi ƙwallo, mu gani.

Sarkinmu ba irin manyan nan ba ne masu algaita. Ƙaramin sarki ne na ƙasa ƙarama, malamin makarantar mishan ne kafin a naɗa shi, mace ɗaya, keke ɗaya. Ya zo wurin Baba Ayuba da kansa ya ce yana neman kuku mai tsabtar hannu, mai riƙe baki. Baba Ayuba ya nuna ni ya ce hannun dai ya tsaya masa, bakin kuwa sai haƙuri. Sarki ya ce zai ɗauki hannun, bakin ya biyo baya. Haka na bar gari na koma ƙauye, abokaina suna mini dariya.

Ranar da na isa ya kai ni bayan gida ya nuna mini murhu biyu, da katangar ƙasa a tsakani wadda ta kai ƙirji. Na hagu murhun gida ne, na matarsa, Mama Saratu. Can ake dafa abin da mu muke ci, har da alade, har da abin da mafarauci ya kawo ba a tambayi wa ya yanka ba. Na dama murhun baƙi ne, nawa. Tukwanen ƙarfe uku masu ƙafa, muciya biyu, ludayi huɗu, wuƙa biyu, katakon yanka nama, turmi da taɓarya. Kowane abu na itace ko na duma, an ƙona masa zane uku a mariƙi da jan ƙarfe, don a bambanta shi da na gida. Naman murhuna Malam Sale ne kaɗai ke yankawa, wani mahauci daga unguwar Hausawa, ko kaza ce sai an jira shi. Sarki ya ce doka ɗaya ce: babu abin da zai ƙetare katangar nan, ko cokali. Ya ce ƙasarsa akwai Fulani, akwai Hausawa, kuma ba ya so a ce akwai mutumin da ya zauna a zaurensa yana kallon wasu suna ci.

Baƙi kuwa, ban taɓa sanin adadinsu kafin su iso ba, ko rana ɗaya. 'Yan kasuwar citta daga Kachia, fastoci masu yawon wa'azi, ma'aikatan gwamnati masu awon hanya, matan Fulani da rana ta yi musu zafi, wanda jirgi ya bari, wanda mota ta lalace masa. Bayan yaƙi har mutanen gabas da suka dawo duba gidajensu sun kwana mana. Akwai wata mai taɓin hankali da ke zuwa kowace Alhamis, ba ta cin tuwo sai an sa mata a langa mai murfi kamar na manya. In na ce, Baba, na auna na mutum goma ga ashirin sun zo, sai ya ce in ƙara ruwa. Ni kuma ba na ƙara ruwa a miyata, sai in ƙara kabewa in yi ta mita. Wani ya zo da sunan mai bishara ya zauna wata uku, bai yi wa ko akuya wa'azi ba, ya tafi da bargo. Na kai ƙara. Sarki ya ce bargon yana can yana aikinsa. Har yau ban yarda da wannan hukuncin ba, ɓarawo ɓarawo ne.

Ga yadda ake yi, don wannan ne waɗanda suka yi jawabi a jana'iza ba su faɗa ba, da yake ba su taɓa zuwa lokacin cin abinci ba sai in nasu ne. Ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci. In abinci ya kusa, Sarki yakan tuɓe babbar riga, ya rataya tawul a kafaɗa, ya ɗauki buta da tasa, ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu ruwa a hannu. Dattawan fada sun yi ta gunaguni, wai sarki ba ya riƙe buta, mutane za su raina sarautar. Bai daina ba. In ya gama sai ya zagayo ƙofar kicin ya tsaya ya ce, "Dogara, tukunya lafiya?" In ce, "Lafiya lau, Baba." Sai ya ɗauki langa ta farko da hannunsa ya kai zaure, sauran a biyo shi da su. Kullum, tambaya ɗaya, amsa ɗaya.

Na daɗe ina so in san me ya sa. Ni mutum ne da in abu bai shige mini ba sai na tona. Ko bangaskiya ce, ko dabarar mulki ce, don wanda ya ci tuwonka da wuya ya ɗaga maka murya. A majami'a ana yawan karanta mana yadda Ubangiji Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, ana gamawa kowa ya ce amin, dattawa su fita a riƙe musu lema. Wata rana yana jiran langa na tambaye shi kai tsaye, na ce, Baba, wannan butar don Allah ce ko don siyasa? Bai ji haushi ba. Ya ce shi ma yakan tambayi kansa. Sannan ya ce abin da ya sani kawai shi ne, in Ubangiji ya ga dama ya ratso gidan nan ba zai aiko da takarda ba, ba zai sa kwat ba, kuma shi bai san ta wace ƙofa zai shigo ba, bai kuma san abin da ba ya ci ba. Na ce a raina wannan amsar malamin makaranta ce. Na ajiye ta.

Sai shekarar fari ta zo, wadda ta biyo bayan canjin kuɗi zuwa naira. Mu nan ruwa bai ɗauke mana gaba ɗaya kamar can arewa ba, amma ya zo a makare ya tafi da wuri, acca ta yi rabi, dawa ta tsaya a gwiwa. Abin da ya same mu shi ne shanu. Garke bayan garke suka gangaro daga arewa, ƙasusuwa a tsaye, da makiyayan da ba mu sani ba, su ma ba su san gonar kowa ba. Fulaninmu na gida, mutanen Arɗo Juli, sun san inda ake bi da inda ba a bi, waɗannan kuwa yunwa ce ke jansu. A kicin na fara auna acca da gwangwanin madara maimakon mudu. Baƙi suka ninka. Na koyi yin miya da daddawa da ƙashi ɗaya ta ciyar da mutum talatin. Aka shiga gonar wani dattijon ikilisiya, Markus, aka cinye masa dawar da ta rage a dare biyu. 'Ya'yansa suka sare saniya uku a ƙafa. Samari suka fara wasa adda a fili, a can ruga kuma ana gyara kwari da baka.

Sarki ya kira zama. Arɗo Juli da mutanensa, da shugabannin baƙin makiyaya, da dattawanmu, kamar mutum arba'in. Kowa ya san in zaman nan ya watse, jini ne. Aka tara sanduna da adduna a ƙofar zaure. A gidan saura rago ɗaya tak, wanda aka ajiye don Kirsimeti. Sarki ya ce a kira Malam Sale. Na yi miyar riɗi da naman ragon nan, na tuƙa tuwon acca, kuma ba don yabon kai ba, ban taɓa yin miya irin ta ranar ba.

A ranar ce kuma dangin Mama Saratu suka zo gaisuwa da ɗan alade, tana dafa shi a murhunta. Mura ta kama ta, harshenta ba ya jin komai. Wajen tsakar rana ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Dogara, zo ka ɗanɗana mini gishiri mana." Na zagaya. Ta miƙo mini ludayinta, na ɗeba, na ɗanɗana, na ce ta ƙara kaɗan. Ta sunkuya ɗauko gishiri. Sai na ji tukunyata tana tafasa tana zuba a wuta, cuu. Kuku in ya ji wannan ƙarar ba ya tunani, ƙafa ce ke tafiya. Na ruga, na tsoma, na juya sau uku, miya ta kwanta. Na ɗaga hannu zan rataye ludayin a ƙusa, sai na ga ƙusoshi huɗu duk da ludayinsu. Na juya mariƙin na hannuna. Babu zane uku.

Ba wanda ya gani. Mama tana can tana faɗa da wata ƙanwarta a kan gishiri. Na miƙa hannu ta kan katanga na ajiye mata ludayinta a kan faifai, na dawo na tsaya. Na ɗanɗana miyar da nawa ludayin. Rago ne, riɗi ne, citta ce, ba wani abu. Me ya rage a jikin ludayi? Ɗigon maiƙo, a tukunyar mutum arba'in. Na ce a raina, ba addinina ba ne, ba zai kashe kowa ba, babu wani ragon, kuma in na buɗe baki na rasa aikina, wataƙila gari ma ya kama da wuta. Duk wannan lissafin daidai ne, har yanzu ban ga kuskure a cikinsa ba. Na kwashe tuwo, na zuba miya a langa, na goge bakin langar da ƙyalle.

Sarki ya zagayo da tawul a kafaɗa, hannunsa a jiƙe.

"Dogara, tukunya lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Baki ya saba, shi ya amsa. Sarki ya ɗauki langa ya juya. Ya kai gindin mangwaron da ke tsakar gida, saura taku goma ya shiga zaure, na ji muryata ta ce, "Baba, tsaya." Kada ku rubuta cewa tsoron Allah ne ya kama ni, don ban sani ba. Na yi ta tonon wannan shekara da shekaru. Abin da na tuna shi ne ɗanɗanon ruwan kifin Baba Ayuba ya dawo mini a baki. Da kuma cewa shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana yi mini tambayar nan, ni na ɗauka gaisuwa ce, ashe tambaya ce.

Ya dawo, na faɗa masa. Ya ajiye langar a ƙasa a hankali. Ya tambaya wa ya gani, na ce ba kowa. Ya tambaya ko akwai wani nama, na ce babu. Sai na ba shi shawara, kuma shawara ce mai kyau. Na ce a ce kananzir ya zuba a miyar, ko a ce ta ƙone, a ba su haƙuri a nemo wani abu, ba sai an ambaci sunan dabbar nan a gaban mutanen da suka zo da fushi ba. Ya dube ni.

"Kai kuku ka faɗa mini gaskiya, ni sarki in je in yi ƙarya? Ɗauko ludayin."

Na bi shi zaure da ludayin Mama a hannu. Manoma a hagu, makiyaya a dama, kowa ya wanke hannu yana jira. Ya tsaya a tsakiya da tawul ɗinsa ya faɗi abin da ya faru, bai ƙara ba, bai rage ba, sai dai ya ce laifin gidansa ne, bai ce na kuku ba. Wani saurayi cikin baƙin makiyaya ya miƙe ya tofar da yawu, ya faɗi wata magana da Fulatanci, ya fita, mutum shida suka bi shi, muna jin suna zare sandunansu daga tarin. Markus kuma ya ɗaga murya da yarenmu ya ce a duba, an yanka ragon ƙarshe don mutanen da suka cinye mana dawa, ga tukuicin, tofi. Na ga samarinmu suna kallon ƙofa inda addunan suke. A raina na ce, ga abin da gaskiyarka ta jawo, Baba.

Arɗo Juli tsoho ne siriri, ba ya gaggawar magana. Ya yafito ni da yatsa, da yake shi kaɗo yake kirana, yadda suke kiran duk wanda ba Bafulatani ba. Na matsa. Bai taɓa ludayin ba, ya dai leƙa shi kamar mai duba bakin saniya a kasuwa.

"Kaɗo, wa ya gan ka?"

"Ba kowa, Arɗo."

"To, wa ya sa ka faɗa?"

"Sarki ya tambaye ni."

Arɗo ya sake leƙa ludayin. Sannan ya juya wajen Sarki ya ce shekara tara yana cin tuwo a gidan nan, kuma ba loma ɗaya da ya kai baki bai ce a ransa, anya, ba. Ya ce, "Yau ban ci ba. Yau ne kuma na san abin da na ci a baya." Ya faɗa wa mutanensa da Fulatanci, na ga waɗanda suka fara tattara riga sun sake zama. Sai ya ce amma yunwa ba ta jin wannan bayanin, ko akwai doya a gidan?

Akwai doya. A tsakar gida na hura sabuwar wuta, a gaban kowa, na gasa ta da ɓawonta. Arɗo ya aika kasuwa aka kira matansu da ƙwaryar nono. Sarki ya zauna a kan turmi da 'yar wuƙarsa yana kankare baƙin doya yana miƙa wa mutane, babban yatsansa har ya ƙone. Miyar ragon kuwa manoma suka cinye ta tas, Markus ya yi ƙari. Arɗo ya dube shi ya ce, shanu sun ci dawarku, ku kun ci ragon baƙi, ashe an yi kunnen doki. Wasu suka yi dariya, Markus bai yi ba. Aka buɗe magana, ba a tashi ba sai la'asar sakaliya. Aka yanke burtalin da shanu za su bi zuwa rafi, aka ce a dasa ƙyarana a gefensa ta zama shinge, Arɗo ya ɗauki nauyin nuna wa baƙi hanya, aka ba Markus maraƙi.

Ban ce ludayi ya kawo zaman lafiya ba. Mutum bakwai ɗin da suka fita ba su dawo ba, kuma kafin damina an yi faɗa da wasu daga cikinsu a bakin rafi, wani ɗan ƙanen Markus ya rasa yatsu uku. Da Sarki ya ce kananzir ne, da sun zauna, da sun ji maganar burtali, wataƙila da yaron yana da hannunsa. Na faɗa wa Sarki haka a fuskarsa. Ya ce wataƙila. Har yau kuma in na ga mutumin yana riƙe fartanya da yatsu biyu sai in sake lissafin.

Bai kore ni ba, bai ko yi mini faɗa ba. Washegari ya kira magina aka ɗaga katangar ta wuce kai, don kada wani ya sake kiran wani. Tukunyar, duk da Arɗo ya ce a wanke ta ya isa, Sarki ya ba Mama, ya sayo sabuwa. Mama ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata, don matan zumuntar majami'a sun ce ita ta jawo. Gari kuma ya sa mini suna Dogara Ludayi, har yara da ba a haifa ba a lokacin suna kirana da shi, ba su san mafarin ba.

Bayan wannan ne wata Lahadi a ajin nazari fasto ya faɗi abin da ya tsaya mini. Ya ce Ubangiji Yesu, da yake cikin Yahudawa aka haife shi, duk zamansa a duniya bai ci alade ba. Na ɗaga hannu na ce a sake faɗa. Ya sake. Shekara nawa ina zuwa majami'a ba wanda ya gaya mini. Ranar Litinin Sarki ya zo ɗaukar langa, na ce, Baba, ashe in Ubangiji ya zo, a murhuna zai ci, ba a na Mama ba. Ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce, "Shi ya sa nake tambayarka kullum."

Ya rasu da damina, a asibiti a Kafanchan, bayan jinyar wata biyu. Abin da ya bari, riguna uku, keken nan, da buta. Babban ɗansa ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a Sabon Tasha, can Kaduna. Ya zo da masu girki daga Kaduna, da fararen huluna da manyan tukwanen alminiyam, ya ce mini in huta, na tsufa da wahala. Shekarata arba'in da biyar. Aka sa ni faskare. A takardar jana'iza an rubuta sunan kowa, har mai ɗaukar hoto, ban da wanda ya hura wutar gidan shekara goma sha shida. Bayan sati biyu aka rufe murhun baƙi, wai yanzu lemon kwalba da biskit ake ba baƙo, ya fi tsabta. Awaki ne ke kwana a wurin. Wannan ma ku rubuta.

Amma da safen jana'izar, ana cikin jera kujeru, sai ga Arɗo Juli da mutanensa sun fi hamsin, suna jan bijimi fari. Ɗan Sarki ya tarye su ya yi godiya, ya ce a kai wa masu girki. Arɗo bai saki igiyar ba. Ya tambaya ina kaɗon nan mai ludayi. Aka ce masa ai an kawo ƙwararru daga birni. Ya ce bai san su ba, in ba ni zan dafa ba za su yi gaisuwa su juya, bijimin dai na gidan ne ko an ci ko ba a ci ba. Haka aka zo aka kira ni daga bayan tarin itace, da gatari a hannu.

Malam Sale ya yanka. Na wanke tukwanena da toka da yashi, na sauko da muciya, na sa kirya a murhu. Can a fili ana ta jawabi da Turanci, ina jin ana tafi. Da nama ya nuna, Fulani suka zauna a zaure, ba wanda ya ɗauki buta, tana nan a inda mai ita ya bar ta. Mama Saratu ce ta aika aka raɗa wa ɗanta magana a kunne. In faɗi gaskiya, ya tashi daga cikin manya ya zo ya ɗauka. Ya riƙe ta a karkace kamar mai riƙe da maciji, ya jiƙa wa mutum biyu riga, amma ya bi layin har ƙarshe. Sau ɗayan ke nan. Da ya gama ya koma kujerarsa, don bai san akwai sauran aiki ba.

Ina tsaye da langar farko a gabana, ba mai ɗauka. Sai na ji ƙarar sanda a ƙasa. Arɗo ne ya zagayo bayan gida, inda bai taɓa takawa ba, ya tsaya a ƙofar kicin daidai inda Sarki yake tsayawa. Ya dubi katangar, ya dubi ƙusoshi, ya dube ni. Bai ce kaɗo ba.

"Dogara, tukunya lafiya?"

Sai da na juya mariƙin ludayin na ƙirga zanen, ɗaya, biyu, uku, sannan na amsa masa. Ya jingine sandarsa ya ɗauki langar.